Abin da Mujallar Turai Ta Ce Game da Mahaifiyata

A shekarar da nake neman ƙarin girma a jami'a, doka ta ce sai malami yana da maƙala uku da aka buga a mujallun da ake tantancewa. Ni biyu gare ni. Ɗaya a kan mata masu sayar da kifi a bakin kogin Binuwai, ɗayar kuma a kan matan nan dai amma da wani take daban, domin tsakanin ta farko da ta biyu masana sun daina cewa "mata da raya ƙasa" sun koma cewa "jinsi". Matan ba su san an canza musu suna ba, suna nan suna sayar da kifinsu. Ta ukun ce ta gagare ni, ga shi kwamitin ƙarin girma sau ɗaya yake zama a shekara. Na riga na rasa zama biyu, har waɗanda na riga shiga aiki sun fara wuce ni suna yi mini gaisuwar tausayi.

Fannina ilimin halayyar ɗan Adam ne, ɓangaren mata. A gidanmu a Garwa cewa ake yi ina karatun mahaukata. Na yi gyara har na gaji, na bar su.

Shugaban sashenmu mutumin kudu ne, kowa Furofesa yake ce masa har matarsa. Mutumin kirki ne, kuma Allah ya ba shi hancin shinshino abin da mujallu ke yayi. Duk taron da ya je Turai sai ya dawo da sabuwar kalma, mu kuma mu shekara biyu muna cin abinci da ita. A wannan karon da "shaƙuwar uwa da ɗa" ya dawo, haɗe da takardar tambayoyi da aka riga aka gwada a ƙasashe da yawa. Ya kira ni ofishinsa, ni da wata abokiyar aikina. Muka zauna ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, wanda tun ina firamare shi ne a bango, katakon gefensa kawai ake sabuntawa.

Furofesa ya ce, "Madam, wannan ake nema yanzu. An yi a ko'ina, ba a yi a arewa ba. Ga maƙalarki ta uku nan, sai dai in ba ki so."

Na ce ina so.

Abokiyar aikin nawa Kirista ce, 'yar duwatsun bayan Maruwa, a makarantar kwana ta girma. Hausarta ta kasuwa ce. Tana iya taya atamfa har mai shago ya yi rantsuwa, amma ba ta taɓa kwana a gidan Bahaushe ba. Ita ce ta duba takardar ta yi tambaya mai hankali. Ta ce a can inda aka tsara tambayoyin mace 'ya'ya ɗaya ko biyu gare ta, a nan kuwa wata takwas ne, to a kan wanne za mu tambaye ta?

Furofesa ya ɗaga kai yana kallon fanka, can ya buga tebur. Ya ce, "Ɗan fari! Kowace uwa tana da ɗan fari. Ba kowace ke da na biyar ba. Masu tantancewa suna son abu ya zo bai ɗaya."

Abokiyata ta ce lallai wannan dabara ce. Ni kuwa na san abin da zai biyo baya tun kafin ya rufe baki, domin ni kaina 'yar fari ce.

A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yabe shi ma sai ta sami abin yi a madafa. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, a cikin gida ɗaya, taku goma tsakaninmu da ɗakin mahaifiyata. Ƙannena Inna suke ce mata, ni kuwa Adda nake cewa, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. Ita kuma "waccan" take ce mini, in abin ya matsa ta ce "ke". Ranar da aka karanto sunana a rediyo cikin waɗanda suka ci jarrabawar gama sakandare, gidanmu ya ɗauki guɗa, maƙwabta suka cika tsakar gida. Adda ta leƙo ta ce a kawo mata rariya. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, haka kowane gida yake a unguwarmu, na Hausawa da na Fulani.

Abin da ya hana ni magana a ofishin nan biyu ne. Na farko, ba a gyara wa Furofesa zance yana cikin murnar dabararsa, musamman in kana jiran sa hannunsa. Na biyun shi ne wanda na daɗe ban gaya wa kowa ba. Ina so in ji amsar. Na kai shekara talatin da wani abu, na karanta littattafan da suka ce jariri yana bukatar ido da murya da runguma, kuma wani lokaci ina karantawa sai in ajiye littafin in yi tagumi.

Ni na ba da shawarar a fara da unguwarmu. Adda tana sayar da atamfa da turaren wuta a cikin gida, babu matar da ba ta shigowa wurinta. Na aika mata ta bakin ƙanwata mai bi na, ta ce a gaya wa waccan ba komai, ran Asabar za a tara mata. Ta kuwa tara. Ana tsakiyar zafin bazara, zafin Garwa da ke sa mutum ya tuna zunubansa, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Mata suka cika, kowace ta ci ado, an ce musu bincike ne na jami'a. An dama kunun gyaɗa. Littafin ƙa'ida ya ce a keɓe kowace mace ita kaɗai a ɗaki mai shiru, amma wanda ya rubuta wannan bai taɓa ƙoƙarin keɓe mace ɗaya daga cikin ƙawayenta a gidan da ake rabon kunu ba.

Kowace tambaya gidaje biyar gare ta: ko kaɗan, jefi-jefi, wani lokaci, sau da yawa, kullum. Abokiyata ta zauna gaban wata maƙwabciyarmu, ta gyara tabarau, ta fara karantowa da Hausarta tsaf.

"Mama, ɗanki na fari, kina kiran sunansa da murna?"

Matar ta ja gyale ta rufe baki. Sauran suka kwashe da dariya.

"Kina yabonsa a gaban mutane?"

Matar ta juyo wajena ta ce, "Ke, baƙuwar nan taki lafiyarta ƙalau kuwa?"

"Kina rungume shi?"

"Subhanallahi. Yarinya, ki tambaye ni auta mana. Auta kam in kina so har la'asar sai in ba ki labari."

Abokiyata ta ce, "Mama, a yi haƙuri, doka ta ce ɗan fari."

"To dokar nan ba ta da kunya."

Haka aka yi ta yi. Wata ta yi dariya har da hawaye, wata ta kau da kai, wata ta amsa da Fillanci cewa ita ba ta ji tambayar ba, alhali ta ji sarai. Abokiyata ta jawo ni gefe ta nuna mini takardun, rabinsu babu komai. Ta ce babu gidan "ta rufe fuska ta yi dariya", ina za ta saka? Na san takarda mai giɓi ba ta shiga lissafi, in kuma giɓin ya yi yawa babu maƙala. Sai na ce mata ta sake tambaya, ta ce "wato ba kya yi ke nan?", in matar ta gyaɗa kai ta sa "ko kaɗan". Ni na faɗi wannan da bakina, ba Furofesa ba. Daga nan aiki ya tafi da sauri, domin babu macen da za ta ce tana yi a gaban sa'o'inta.

Adda ma ta zauna an yi mata, tunda ita ta tara mutane ba za ta ware kanta ba. Abokiyata ce ta yi mata tambayoyin. Ni na shige ɗakin kakata, wadda ta riga ta rasu a lokacin, na tsaya ina gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Ba a rubuta suna a takardun, lamba ake sawa. Amma da na zauna shigar da amsoshi a kwamfutar sashe, na zo kan wata takarda mai shekarun Adda, da yawan 'ya'yanta, da sana'ar atamfa da turare, kuma a gurbin ɗan fari an rubuta mace, malamar jami'a. Malamar jami'a ɗaya ce a unguwarmu. Ƙa'ida ta ce in shigar in wuce, ni kuwa na karanta tun daga sama. Ko kaɗan, ko kaɗan, ko kaɗan. Tambaya ta ƙarshe ita ce, "Kina kewarta idan ta yi nisa?" A nan ma ko kaɗan.

Na san al'adar, na san yadda aka yi tambayar, ni na tsara yadda za a cike gidan. Duk da haka abin ya soke ni. Na zauna ina kallon alamar biron nan, wani abu a raina yana cewa to ai ga shi a rubuce. Na yi kuka kaɗan, sannan wuta ta ɗauke, na rasa aikin rabin yini, na sami dalilin da zan faɗa in an ga idona.

Sakamakon ya fito yadda ake so sakamako ya fito, babu karkata. Furofesa ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin lissafi mai tsabta haka ba. Da na zo rubutawa sai imanina ya motsa, na ƙara shafi guda da rabi ina bayanin kunyar ɗan fari: cewa matan nan ba rashin so suka nuna ba, tarbiyya suka nuna, kuma da auta aka tambaya da sakamakon ya kife. Furofesa ya karanta ya ce ashe haka ne, me ya sa ban faɗa ba tun farko? Na ce ban tuna ba. Muka aika wa wata mujalla a Turai.

Bayan wata bakwai amsa ta zo. Mai tantancewa na farko ya yaba, ya ce a ƙara ambaton wasu maƙalu guda huɗu, waɗanda duk mutum ɗaya ya rubuta su, ban san ko wane ne ba amma ina da zato. Na biyun ya fi shi karatu. Ya ce idan bayanin kunyar ɗan fari da ke shafi na tara gaskiya ne, to marubutan da kansu sun nuna ma'auninsu bai auna komai ba, don haka babu abin bugawa. Edita ya bi bayansa, ya yi mana fatan alheri.

Gaskiya mutumin nan ya faɗa, na kuma tsane shi saboda haka. Saura wata biyar a rufe karɓar takardun ƙarin girma. A sake binciken da auta zai ci shekara. Furofesa bai ce in cire komai ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Madam, dosiyenki ne na ƙarin girma, ke kika san abin da kike so." Na koma ofis na buɗe maƙalar, na shafa shafi ɗaya da rabin nan, na danna na goge shi. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. A madadinsa na sa layi guda a ƙarshe, cewa ana bukatar ƙarin bincike a kan tasirin al'ada. Muka aika wa wata mujallar, ta karɓa cikin gaggawa, masu tantancewarta suka ce sakamakon yana da tayar da hankali, wanda a harshensu yabo ne.

Na sami ƙarin girma. Mujallar ta aiko da kwafi biyu, na kai ɗaya gida. Adda ta karɓa ta hannun ƙanwata, ta juya shi, ta ce takardar tana da kyau, ta saka a kabet tsakanin kwanukan tangaran da ba a cin abinci a cikinsu. Ba ta karanta Faransanci, ban kuma ga dalilin fassara mata ba.

Na ɗauka maganar ta mutu, domin yawancin maƙalu haka suke yi, daga marubuci sai mai tantancewa. Yayi ya wuce kan shaƙuwa, ya koma kan ƙarfafa mata, na bi. Sai rikici ya ɓarke a kan iyaka, mutane suka baro garuruwansu, ƙungiyoyin agaji suka cika Maruwa da fararen motoci. Mujallu suka koma neman "raunin zuciya" da "juriya". Duk wanda zai rubuta wani abu a kan matan arewa yana bukatar maƙalar da zai jingina da ita a shafin farko, ga kuma tawa ita kaɗai a fili. Aka yi ta ambatonta. Har yau ita ce aka fi ambata a duk abin da na rubuta, har takardar yabo aka ba ni a kanta.

Ƙanwata ungozoma ce a asibiti, kuma ba ta da haƙuri ko na sisi. Wata ƙungiya ta kira su horo na kwana uku kan kula da mata masu jego da suka yi gudun hijira. A rana ta biyu mai horarwa ta haska rubutu a bango, cewa bincike ya tabbatar iyaye mata a yankin nan ba sa shaƙuwa da 'ya'yansu, don haka sai an koya musu. A ƙasa ga sunana. Lokacin ina gida hutu. Bayan la'asar ina zaune a tabarma, Adda tana can gefe tana haɗa turare ta ba ni baya kamar kullum, sai ga ƙanwata ta shigo ko gyale ba ta cire ba. Ta wuce kabet ta zaro mujallar.

Ta ce, "Inna, kin san abin da kike ajiya shekara da shekaru? Bari in karanta miki abin da Yaya ta rubuta a kanku."

Na ce ta bari. Ba ta ko kalle ni ba. Ta tsaya tana karantawa tana juyawa da Hausa, kuma ta iya juyi, babu abin da ta rage. Iyaye mata masu sanyin zuciya. Ba sa kiran suna, ba sa yabo, ba sa kewa. Yaran da suka tashi haka suna cikin haɗari. Adda ba ta daina cuɗa turarenta ba har aka kai ƙarshe.

Sannan ta ce, "To ai ba ƙarya aka yi mini ba. Haka na faɗa. Da me ake so in ce a gaban mutane?"

Ƙanwata ta ce, "Inna, cewa fa aka yi ba kwa son 'ya'yanku. Duniya duk ta karanta."

Adda ta ce, "Nasara bai sani ba, ba laifinsa ba ne. Baƙuwar nan ma ba ta sani ba." Ta goge hannu a zane. Har yanzu bayanta nake gani. Ta ce wa ƙanwata, "Tambayar mini waccan. Ita ma haka ta ɗauka?"

Amsar kalma ɗaya ce, kuma na san wadda ya kamata in faɗa. Amma na tuna ranar da na zauna gaban kwamfuta da takardarta a hannuna, sai bakina ya yi nauyi. Na ce a'a daga baya, sai dai na makara, kuma duk wanda ke tsakar gidan ya ji makarar.

Adda ta rufe kwanon turaren. Ta ce, "Gaya mata, tun ranar da ta fara tafiya makarantar kudu, duk ranar da ta hau mota da azumi nake tashi. In an sha ruwa ba a ce ta sauka ba, gobe in sake ɗauka. Lokacin da jirgin ƙasa ya kwana biyu a daji da su, uku na yi. Har yau ban fasa ba." Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Wannan ba a tambaye ni ba. Da an tambaya ma ba zan faɗa ba."

Ta shige ɗaki ta saki labule. Ƙanwata ta tsaya da mujalla a hannu, ita ma ba ta taɓa sani ba. Ni kuwa na shiga lissafin tafiye-tafiyena, na karatu da na aiki da na tarurrukan da nake zuwa don a ba ni jaka da biro, yawancinsu a cikin zafin da ko mai lafiya ba ya son azumi. Sau da yawa sai na kwana biyu da sauka kafin in tuna in aika gida. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa fuskata.

Da na koma aiki na rubuta wa mujallar, na bayyana komai, na roƙi a janye maƙalar. Editan yanzu wata mace ce, ta amsa da ladabi. Ta ce sun duba, babu kuskure a lissafi, ba a ƙirƙiri amsa ba, don haka ƙa'idarsu ba ta ba da damar janyewa ba. Ta ce in ina so in rubuta sabuwar maƙala a kan ilimin gargajiya na 'yan ƙasa, domin shi ake nema yanzu. Maƙalar tana nan, a watan jiya ma an ambace ta.

Adda ta tsufa, ga ciwon suga, likita ya hana ta azumin nafila, ta ce ta ji. Ni da ita ba mu sake tayar da maganar ba. Na rage tafiya iya yadda aiki zai bari. In kuma ta kama dole, mota tana tsayawa, kafin a sauko mini da jaka, nake kiran ƙanwata in ce ta je tsakar gida ta faɗa da ƙarfi cewa waccan ta sauka.